Sukarin Ta'aziyya

"Ba zan yi ba, Shugaba."

Belma ba ta ɗaga murya ba. Tana durƙushe ne a bakin ƙofar aji, tana kwance wa wani yaro igiyar takalmin da dusar ƙanƙara ta jiƙa, ta faɗi maganar ta ci gaba da abin da take yi. Sai da ta cire takalmin, ta shafa kan yaron ta tura shi ciki, sannan ta miƙe ta dubi matar da ke tsaye a kanta.

Shugaba Mirsada ta shekara ashirin da uku tana riƙe da makarantar rainon yara ta garin, kuma a tsawon shekarun nan ba a cika ce mata a'a ba. Ta gyara riƙon kwalin da ke hammatarta. A ciki akwai sabbin kwalayen sukari huɗu da abin narka gam.

"Wataƙila ba ki fahimce ni ba," in ji ta. "Ƙarfe biyu mutanen ƙaramar hukuma za su iso, har da mai ɗaukar hoto. Su ne za su ce a canja mana tukunyar ɗumama gida, ko mu ƙara shekara muna rawar ɗari. Da zarar yara sun kwanta barcin rana, ki kwashe waɗancan tarkacen ki kai ɗakin ajiya. Ki zauna ki gina mana ko guda shida ne masu kyau, ki manna sunayen yara a jiki. Wa zai sani?"

"Su za su sani."

"'Yan shekara biyar?"

"Kwana uku suka yi suna gini. Kowa ya san nasa kamar yadda ya san fuskar uwarsa."

Su biyun suka juya suka kalli dogon teburin da ke jikin taga. Ɗakunan ƙanƙara goma sha huɗu ne jere a kai, 'yan mitsi-mitsi, an gina su da ƙwayoyin sukari a kan farantan takarda. Gaskiyar magana babu ko ɗaya da ya miƙe. Na Tarik ya karkace kamar wanda ya kwana a mashaya. Na Esma ƙofa uku gare shi, saboda kyanwowi uku ne a gidansu kuma ba sa ga maciji da juna. Vedad ya cinye rabin rufin nasa, da aka tambaye shi ya rantse iska ce ta yaye.

"Musamman na ƙarshen nan," in ji Shugaba, ta nuna da haɓa. "Ba ƙofa, ba taga, an tula shi an shafe. Ke ma kin san da me ya yi kama. Kabari za ki nuna wa baƙi?"

Belma ta kau da kai daga teburin.

"Ki dai tuna ƙarshen watan nan ne zan sake sa hannu a takardarki. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka." Shugaba ta ajiye kwalin a kan kujera ta tafi, tsinin takalminta na ƙwanƙwasa daɓe.

Ba sai an tuna wa Belma ba. Shekara huɗu ta yi a jami'a a Sarajevo, ta fito da sakamakon da mahaifiyarta ta sa a gilashi ta rataye sama da talabijin, sannan ta shekara biyu tana jiran gurbi. Da ƙyar ta samu wannan shekarar ta sanin makamar aiki. Wata goma sha biyu cur ake so a jere, da sa hannun shugaba duk bayan wata huɗu, kafin a bar mutum ya zauna jarrabawar zama cikakken malami. Ta ci takwas. In aka ƙi sa hannu yanzu, takwas ɗin sun bi ruwa.

Sukarin da aka yi ginin da shi ba saye aka yi ba. Wa ke sayen sukarin kwali don kansa a garin nan? In za ka barka, ko dubiya, ko ta'aziyya, ka riƙe ƙullin gahawa da kwalin sukari. Matar gida ta karɓa ta yi godiya ta jefa a kabad, ranar da ita ma za ta fita gaisuwa ta ɗauko shi ta yi gaba da shi. Akwai kwalin da ya fi ma'aikacin gidan waya sanin gidajen unguwa. Da Belma ta roƙi iyaye su turo abin da suke da shi, har kwalin da aka rubuta wa barkar haihuwar wata yarinya aka kawo, yarinyar kuwa yanzu tana aji uku.

Amma kwali shida daga gida ɗaya suka fito. Nana Zumra ce ta kawo su a jaka ranar Litinin, tana haki, jikarta Ilhana na riƙe da gefen kwat ɗinta. Mahaifin yarinyar, Nermin, itace ne ya faɗo masa a dawa wajen aikin yankan katako, mako bakwai da suka wuce.

"Karɓi, 'yata," in ji tsohuwar. "Na ta'aziyya ne. Ba na iya kai wa kowa su, ba na iya sha, kuma duk na buɗe kabad sai su zuba min ido. Gara yara su yi wasa da su."

Tun rasuwar, Ilhana ba ta ƙara cewa uffan a makaranta ba. A gida ma, in ji kakarta, sai dai ta ɗaga kai ko ta girgiza. Ranar Litinin ɗin Belma ta tara yaran a kan darduma, ta nuna musu hoton mutanen can ƙarshen arewa masu yanka dusar ƙanƙara kamar bulo su gina ɗaki da ita, ta ce musu komai sanyin waje, cikin ɗakin da ɗumi. Yara suka yi ta musu. Ana cikin hayaniyar sai ta ji Ilhana ta ja hannun rigarta, ta kira ta Teta, wato inna, yadda yara ke kiran matan makarantar.

"Teta, da gaske ciki da ɗumi?"

Muryar ta dushe kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Belma ta amsa kamar ba komai.

"Da gaske."

"Ko an rufe ruf?"

"Ya ma fi ɗumi."

Yarinyar ta ɗauki faranti ta koma lungu. Kwana uku tana jera sukarin da aka kawo gaisuwar ubanta, ƙwaya kan ƙwaya, tana shafa kwaɓin farin ƙwai da garin sukari a tsakani da ɗan yatsa. Ba ta bar ƙofa ba. Jiya, da ta ɗora ƙwayar ƙarshe, ta kawo bakinta kunnen Belma, ta raɗa mata zancen mahaifinta, wanda take kira Babo.

"Ƙanƙara ta rufe Babo. Ashe ba ya jin sanyi." Ta waiga ta dubi sauran yaran. "Kar ki faɗa wa kowa. Nana za ta yi kuka."

"Ba zan faɗa ba."

Magana ɗaya ke nan da za ta iya kashe bakin Shugaba, kuma ita ce maganar da Belma ba ta da ikon faɗa.

Wajen ƙarfe goma ta leƙa kicin ɗaukar shayin yara. Teta Fadila mai girki tana murza ƙullun pita, wato gashin fulawa da ake cusa wa nama ko cuku, a kan tebur, ya yi siriri har ana ganin zanen ledar tebur ta cikinsa. Ba ta ko ɗago ba.

"Ga jarumar gari. An ce yau kin taka wutsiyar damisa."

"Har labari ya iso?"

"Bangon gidan nan kunne gare shi, ni kuma ina da biyu. Zauna, sarkin karatu." Ta turo mata kujera da ƙafa, ta yanko mata pita mai zafi daga tiren farko. "Ke kina jin yau aka fara? Shekarata talatin a nan. Na taɓa saƙa safa da hannun nan nawa, aka kafa a bango aka ce ɗan shekara huɗu ne ya saƙa. Har kyauta aka ba shi. Yanzu yana can Jamus yana tuƙa babbar mota, ko maɓalli bai iya ɗinkawa ba."

Belma ta yi dariya duk da abin da ke cin ranta.

"Ki gina mata abinta, 'yata. Ta sa hannu, ki ci jarrabawarki, sannan ki yi duk taurin kan da kike so. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne."

"Idan sun tashi barci suka tarar ba nasu, me zan ce musu, Teta?"

"Ki ce ɓera."

"Ɓeran da ya iya gini da gam?"

Fadila ta tsaya da murzawa, ta dube ta sosai. "Akwai abin da ba ki faɗa ba."

"Akwai."

"To riƙe abinki." Ta ƙara mata wani yankin. "Ci, ba a faɗa da yunwa. Amma ki tuna da uwarki. Shekara nawa ta yi a masana'antar takalma tana ɗinki har idonta ya raunana, don ki yi karatun nan?"

"Na sani."

Wannan ce ta fi yi mata nauyi. Ta ɗauki butar shayi ta koma aji da ita, ta share hanci goma sha huɗu, ta raba faɗa biyu, ta jagoranci waƙar tarbar baƙi sau uku, duk fuskar mahaifiyarta na tsaye a idonta.

Da sha biyu ta yi yara suka kwanta a 'yan gadajensu, aka saki labule. Belma ta ja kujera ta zauna kusa da teburin taga, ta ɗora hannuwa a cinya. Kwalin Shugaba na nan inda aka ajiye shi. Jim kaɗan Shugaba ta leƙo, ta ga ba a taɓa ba, ta ɗauke shi ta fita. Belma ta jiyo ta a kicin tana cewa Fadila ta zo ta kwashe farantan.

"Wayyo Shugaba, hannuna duk ƙullu, ga bayan nan nawa tun safe ya riƙe. In na sunkuya sai dai a kira motar asibiti."

Sai Shugaba ta shige ofis ta bugo ƙofa. Can warin gam mai zafi ya fara biyowa ta ƙarƙashinta.

Ƙarfe ɗaya da rabi Shugaba ta shigo da ɗakuna biyu a kan tire. Kyau kam ba a magana: zagaye sumul, ƙofa kamar ta masallaci, ko'ina daidai wa daida. Yatsanta ɗaya naɗe da filasta. Ta ture na yara baya, ta ajiye nata a gaba, ɗaya da sunan Tarik, ɗaya da sunan Esma. Sannan ta miƙa hannu ta ɗauki farantin Ilhana.

"Ba zan riƙe hannunki ba, Shugaba," in ji Belma ƙasa-ƙasa. "Makarantarki ce. Amma in ta tambaye ni ina yake, gaskiya zan faɗa mata."

"Ke wai me kike ji da shi ne? Takardar jami'a?"

"Ba ita ba ce."

Shugaba ta juya za ta fita, sai ta tsaya cak. A gadon da ke kusa da ƙofa Ilhana na kwance, bargo har haɓa, idanunta biyu a buɗe. Ba ta yi kuka ba, ba ta motsa ba. Farantin kawai take kallo.

Bututun ɗumama ɗaki ya yi tari ya yi shiru. Daga ƙarshe Shugaba ta koma ta ajiye farantin can baya, a ɓoye bayan tukunyar fure, ta fita. Belma ta tashi ta jawo shi gaba, ta mayar da shi inda yake tun farko.

Baƙin ba su iso ba sai biyu da rabi. Su uku ne: mataimakin shugaban ƙaramar hukuma, wani Sakib mai tumbi da jan hanci, da wata mata rungume da fayil, da mai hoto. Yara suka rera waƙarsu, rabinsu da shatin matashi a kunci. Fadila ta shigo da tiren gahawa da finjalai, bayanta ya warke sarai, kuma duk faɗin ajin ta rasa inda za ta ajiye sai kan teburin taga.

"Ina sukari, Fadila?" Shugaba ta tambaya ta cikin haƙora.

"Sukari? Ai ga shi nan, Shugaba, unguwa guda."

Sakib ya karɓi finjalinsa yana magana da matar fayil kan tukunyar ɗumama gida. Wanda aka haifa a garin nan ba ya shan gahawa haka nan. Sai ya tsoma ƙwayar sukari, ya gatsa, sannan ya kurɓa. Hannunsa ya san wannan ko da hankalinsa na wani wuri. Ya miƙa shi bai duba ba, ya kama ƙwaya a saman ɗakin da ya fi kusa, na Shugaba. Ya ja. Ɗakin gaba ɗaya ya taso har da farantin. Ya girgiza, ya ƙi saki. Ya ajiye shi, hannun ya zarce gaba, ya ɓalle ƙwaya daga abin da ya saura na rufin Vedad, ya tsoma, ya gatsa.

"Baffa! Ka cinye min gida!"

Sakib ya dubi rabin ƙwayar da ke hannunsa, ya dubi yaron da ya tsaya gabansa hannu a ƙugu, sai ya fashe da dariya har gahawa na zuba a kwat ɗinsa.

"Yi haƙuri, maigida. Ai na tarar an riga an fara ci."

"Iska ce!"

"To ni ma iska ce." Ya ɗaga wancan mai kyaun, ya karanta sunan da ke jiki. "Wane ne Tarik? Wannan ai injiniya ne, a kawo mana shi ofis."

"Ba nawa ba ne," in ji Tarik. "Nawa ga shi can, mai kwanciya. Wannan na Teta Shugaba ne. Ba barci nake ba, na ga lokacin da ta kawo shi. Dubi ma ta ƙone a yatsa."

Matar fayil ta sunkuyar da kai tana gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Sakib ya sake dariya, ya ce ai su ma haka suka taso, uwarsa ce ta zana masa duk abin da ya taɓa kaiwa makaranta. Ya bi teburin da kallo sau ɗaya, idonsa ya wuce na Ilhana bai ko tsaya ba. Mai hoto ya ɗauki Vedad da gidansa. Suka gangara ƙasa duba tukunya. Duka-duka minti goma sha biyu suka yi a ajin.

Bayan sun tafi Shugaba ta kira Belma ofis. Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi, da ya fi sauƙi. Tana zaune tana murza filastar yatsanta, fuskarta ta tsufa a yini ɗaya.

"Za su canja tukunyar," in ji ta. "Ashe tun makon jiya aka yanke, zuwan na hoto ne kawai." Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Amma ba zan sa miki hannu ba. Kin iya aiki, ba zan yi miki ƙarya ba, yaran nan sun daɗe ba su sami kamarki ba. Sai dai ba zan iya riƙe gida da wadda zan ce yi ta ce ba za ta yi ba. Yau ke ce, gobe kowa."

Belma ta ji maganar Ilhana ta taso mata har baki. 'Yan kalmomi ne kawai. Ta san matar nan uwa ce, ta san tana ji za ta jawo takardar ta sa hannu tana hawaye. Ta haɗiye.

"Na gode da wata takwas ɗin, Shugaba. Na koyi abu da yawa a gidan nan." Kuma ba gatse take yi ba.

"Ba ki da abin cewa sai wannan?"

"Babu."

Ƙarfe huɗu iyaye suka fara zuwa. Hayaƙin murhu ya kwanta a kan rufin gidaje, dusar ƙanƙara ta sake sakkowa. Kowane yaro ya fito riƙe da farantinsa kamar mai ɗauke da ƙwai. Nana Zumra na bakin ƙofa tana kakkaɓe kafaɗunta lokacin da Ilhana ta iso gare ta.

"Nana, wani ƙaton mutum ya zo ya cinye gidan Vedad. Ya ce wai shi iska ne. Nana, hancinsa ja wur kamar barkono. Kuma Teta Fadila ta ce bayanta na ciwo, amma ƙarya take, na ga ta sunkuya..."

Tsohuwar ta daskare da hannu a kafaɗa. Ta dubi jikarta, bakin yarinyar na ta zuba kamar famfon da aka gyara, ta dubi Belma. Ta kamo hannunta da hannu biyu, tafinta kaushi da sanyi.

"Me kika ba ta, 'yata?"

"Sukarinki ne, Nana."

"Allah ya biya ki. Allah ya faranta wa uwarki kamar yadda kika faranta min. Allah ya bar mana ke a gidan nan shekara da shekaru."

"Amin," in ji Belma.

Tsohuwar ta kalli abin da ke cikin farantin. Ta daɗe tana kallo, amma ba ta tambayi ina ƙofa ba. Ta warware gyalen wuyanta ta yafa a kai don kada ruwan ƙanƙara ya narkar da shi, suka fita a hankali, yarinyar na ci gaba da surutunta.

Belma ta tarar da Fadila na wanke finjalai. Ta ɗauki tsumma ta tsaya gefenta tana gogewa.

"To, faɗa min," in ji Fadila. "Me ya ci miki?"

"Wata takwas. Jarrabawar bana. In na sami wani gurbin, daga ɗaya zan faro, kuma mafi kusa sai can birnin Zenica, in ma akwai. Ranar talatin da ɗaya ga wata zan ba da makulli." Ta jera finjali a kan tire. "Sai kuma Mama, da zan je in faɗa wa yanzu."

"Kina da-na-sani?"

Belma ta yi tunani da gaske kafin ta amsa, don matar nan ta wuce a ba ta amsar fatar baki.

"Ina jin zafi, Teta. Amma a'a."

Fadila ta tsane hannunta a jikin riga, ta naɗe sauran pita a takarda, ta cusa mata a jaka.

"Kai wa uwarki. Ki bari ta ci tukuna, sannan ki faɗa."